Yarinya na sosa dubura da dare, gwajin bayan gida kuma bai nuna komai ba

Tambaya daga wata uwa a unguwar Hindawiyya, Makka: Assalamu alaikum, Likita. 'Yata mai shekara 4 ta kai wata uku tana farkawa da tsakar dare tana kuka tana sosa duburarta, wani lokaci har gabanta. Sau biyu muka kai bayan gidanta ɗakin gwaji, aka ce babu komai. Kakarta ta ce ɗankanoma ne, maƙwabciyata kuma ta ce yawan shan zaƙi ne. Na sayi maganin tsutsa na ba ta sau ɗaya, ta samu sauƙi, bayan wata guda abin ya dawo. Tana da ƙane ɗan wata 14 da yayye biyu 'yan firamare, duk ɗaki ɗaya suke kwana, ni kuma ina da ciki wata 2. Me ke damunta, kuma yaya zan yi?

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Hajiya. Allah ya ba yarinya lafiya, ke kuma ya sauke ki lafiya.

Ban duba yarinyar da idona ba, amma abubuwa uku da kika faɗa sun isa in ce miki kusan tabbas tsutsar dubura ce, 'yar ƙaramar farar nan da likitoci ke kira Enterobius vermicularis. Ƙaiƙayin da dare yake tashi, gwajin bayan gida bai kama komai ba, magani kuma ya kwantar da shi sannan ya dawo bayan wata guda. Idan kin je wajen likita ko kantin magani a nan, ki ce musu dudatud dabbusiyya, sunanta ke nan da Larabci, nan take za su gane. Ki kwantar da hankalinki tukuna. Wannan tsutsa ba ta shan jini, ba ta cinye abincin yaro har ya rame, kuma a al'adarta ba ta ratsa jiki ta bi ta hanta ko huhu yadda wasu tsutsotsin ke yi. Takura ce da hana barci. Ba kuma shaidar ƙazanta ba ce, don a Amurka da Ingila ma ita ce tsutsar da ta fi yawa a jikin yara. Duk inda yara suka taru, a rauda, wato makarantar renon yara, a makarantar tahfiz, a ɗakin da mutum huɗu ke kwana, tana samun hanya.

Sai kin san yadda take rayuwa za ki gane abin da ya hana ƙoƙarinku na baya yin aiki. Ƙwanta ake haɗiyewa, ƙwai ne da ido ba ya gani. Ya ƙyanƙyashe a ƙaramin hanji, tsutsar ta gangara ta zauna a farkon babban hanji, ta girma cikin wata ɗaya zuwa biyu. Macen tsawonta milimita 8 zuwa 13 ne, namijin kuwa bai wuce milimita 5 ba, da wuya ma a gan shi. Inda ta sha bamban da sauran tsutsotsin ciki shi ne ba ta zuba ƙwanta a cikin hanji. Sai dare ya yi, yaro ya yi barci, jikinsa ya saki, sannan macen ta rarrafo ta fito bakin dubura, ta manna ƙwai wajen 10,000 ko fiye a kan fata da wani ruwa mai danƙo, daga nan yawanci ta mutu. Motsinta da wannan danƙon su ne ƙaiƙayin da ke tayar da 'yarki. Cikin awa 4 zuwa 6 ƙwan ya ƙosa, ya isa ya kama mutum. Yarinya ta sosa cikin magagin barci, ƙwai ya shige ƙarƙashin farce, gari ya waye ta sa yatsa a baki ko ta gutsuri gurasar tamis da hannun, shi ke nan ta sake haɗiye shi. Wanda bai shiga bakinta ba ya zauna a kamfai, zanen gado, tawul, kayan wasa, mariƙin ƙofar bayi, kuma yana iya kai mako 2 zuwa 3 da ransa. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Idan aka kaɗe zanen gado yana tashi tare da ƙura, na kusa ya shaƙa ya haɗiye.

To kin ga dalilin da ya sa gwajin bayan gida ya fito babu komai. Ƙwan ba a cikin kashi yake ba, a fatar waje yake. Cikin masu ɗauke da tsutsar, kaɗan ne ƙwarai ake ganin ƙwan a bayan gidansu. Gwajin jini ma ba ya nuna ta. Ina yawan ganin iyaye sun yi ta zarya a mustausaf, wato ƙaramin asibiti, suna biyan kuɗin gwajin bayan gida, kowane karo a ce lafiya lau, har uwa ta fara zargin ko yarinyar ce ke rigimar banza. Ba rigima take ba, an leƙa inda abin ba ya nan ne. Ban ce gwajin da kuka yi asara ba ne, don ya rage mana shakkar wasu tsutsotsin da su a kashi ake ganin ƙwansu, amma kada ki sake biyan kuɗinsa saboda wannan ƙaiƙayin.

Hanya mafi sauƙi a gida za ki yi ta, ba ko sisi. Bayan ta yi barci da awa 2 zuwa 3, ki juya ta a hankali, ki kunna tocilar wayarki, ki buɗe ɗuwawunta ki duba bakin duburar. Abin da kike nema kamar guntun farin zaren ɗinki yake, yana ɗan motsi. Idan ba ki gani a daren farko ba, ki sake dubawa dare biyu ko uku, don ba kowane dare ake dace da fitowarta ba. Wani lokaci da safe ake ganinta a cikin kamfai ko a saman kashi. Idan kin gan ta, magana ta ƙare, ba a buƙatar wani gwaji. Ki ɗauki hotonta ko ɗan bidiyo ki nuna wa likita.

Idan ido bai kama ba, sai a koma gwajin salatif, wanda tun 1941 likitoci ke amfani da shi kuma har yau ba a samu wanda ya fi shi ba. Ki nemi salatif mai garai-garai, wanda ake ganin abu ta cikinsa, ba mai duhu ba. Ki karɓo 'yan gilasan gwaji uku a ɗakin gwaji. Da ta farka da safe, ki danna gefen salatif mai danƙo a fatar da ke kewaye da duburar, dama da hagu, sau biyu ko uku, sannan ki manna shi a kan gilashin ya kwanta sumul ba tare da ya naɗe ba, ki sa a leda ki ɗaure, ki wanke hannunki da sabulu. A yi haka safiya uku a jere. Na safiya ɗaya yana kama kusan rabin masu ita ne kawai, na safiya uku kuwa yana kama wajen 9 cikin 10. A ɗakin gwaji za su sa gilashin a ƙarƙashin madubin ƙara girma su ga ƙwan. Ga inda mu musamman ake samun kuskure: yaranmu an horar da su tsarki da ruwa, kuma da an tashe su abu na farko shi ne a kai su bayi. Tiyon tsarki ɗaya ya isa ya wanke ƙwan duka, gwaji ya fito babu komai alhali akwai. Saboda haka salatif kafin fitsari, kafin kashi, kafin tsarki, kafin wanka. Ki ajiye shi kusa da katifarta tun dare.

Maganar Kaka kuwa, kada ki yi musu da ita. Abin da mutanenmu ke kira ɗankanoma ya haɗa abubuwa da dama da ke faruwa a wurin: jan fata, ƙaiƙayi, tsagewar dubura saboda taurin kashi, har da fitar baya. Ta ga inda matsalar take, ke kuma za ki nuna mata mai laifin. Ki kira ta ta riƙe miki tocila, idan ta ga tsutsar da idonta ita za ta fi ki matsa wa kowa ya sha magani. Zancen zaƙi dai babu shi. Alewa da cakulan suna lalata haƙori, amma ba sa haifar da tsutsa. Wanda bai haɗiyi ƙwan ba ba zai kamu ba ko da buhun sukari ya shanye. Tauna haƙora cikin barci da ake cewa alamar tsutsa ce, ita ma ba abin dogaro ba ce, yara da yawa na yi ba tare da tsutsa ba.

Akwai dai abubuwan da ke kama da ita da ya kamata ki sani. Idan fatar wurin ta yi ja jawur mai iyaka a fili, tana zafi fiye da ƙaiƙayi, kuma yarinyar na tsoron yin kashi, wannan ya fi kama da ƙwayar cutar bakteriya, maganinsa daban. Idan ƙaiƙayin dare ya game jiki, tsakanin yatsu, wuyan hannu, cibiya, kuma wasu a gidan na susa, a duba ƙazuwa, ba ki manta yadda ta ɓarke a makarantun Makka a 2018 ba. Idan kuma tsutsar da ta fito doguwa ce mai kauri, ta kai tsawon tafin hannu ko fiye, macijin ciki ne. Idan falle-falle ce shimfiɗaɗɗiya, tsila ce, ita kuwa maganin da zan faɗa miki a yadda zan faɗe shi ba ya kashe ta. Na kawo waɗannan ne saboda mutanenmu na yawan kai yara hutu Najeriya, Nijar ko Sudan su dawo.

Magungunan tsutsar dubura uku ne, kuma duk suna aiki sosai. Na farko mebendazole, wanda aka fi sani da sunan Vermox: miligiram 100 sau ɗaya, ko ƙwaya ɗaya ko mililita 5 na ruwansa. Yaro ɗan shekara 2 da babansa adadi ɗaya suke sha, domin maganin kusan a hanji yake tsayawa, kaɗan ne ke shiga jini. Na biyu albendazole, wanda ake sayarwa da sunaye irin su Zentel: miligiram 400 sau ɗaya ga wanda ya kai shekara 2. Na uku pyrantel, shi da nauyin jiki ake auna shi, miligiram 11 ga kowane kilo, kada ya wuce giram ɗaya. Yarinya mai kilo 15 ke nan za ta sha miligiram 165. Ko wanne aka zaɓa, ana maimaita shi bayan mako 2 daidai.

Wannan maimaitawar ita ce ta kuɓuce miki, kuma ita ce ke kuɓuce wa yawancin iyaye. Babu ɗaya cikin magungunan nan da ke kashe ƙwai. Tsutsar da ke hanji ranar da aka sha, ita yake kashewa. Ƙwan da ke farce da zanen gado yana nan, yarinya ta haɗiye shi gobe ko jibi, ya ƙyanƙyashe, ya girma, bayan wata guda sabuwar mace ta fito ta zuba nata. Lissafin ya yi daidai da abin da kika gani, ko ba haka ba? An kashe maciji ba a sare kansa ba. Sha na biyu yana tarar da sababbin tun suna ƙanana, kafin su isa yin ƙwai, shi ya sa mako 2 ake cewa, ba kwana 3 ba, ba kuma wata 2 ba. Ko da yarinyar ta warke sarai kin ga tana barci lafiya, a ba ta na biyun.

Abu na biyu da ya kuɓuce shi ne ita kaɗai kika bai wa. A ɗakin da yara huɗu ke kwana, da wuya a ce ita kaɗai ke da ita. Da yawa cikin masu ɗauke da tsutsar ba sa jin komai, musamman manya, amma suna zubar da ƙwai. Don haka, ban da ke da ƙanenta da zan yi maganarku a gaba, duk wanda ke kwana a gidan ya sha, a rana ɗaya: yayyenta biyu, Kaka, duk wata 'yar'uwa ko mai taya aiki da ke zaune tare da ku, da maigida. Na san maigida zai ce shi lafiyarsa ƙalau, me ya haɗa shi da maganin tsutsar yara. Ki ce masa likita ce ta ce, ƙwaya ɗaya ce tak. Ni na fi son a sa ranar Juma'a, tunda ba makaranta kowa na gida, ga damar wanke kayan kwanciya, sannan a tsallake Juma'a ɗaya a sake sha a ta biyun. Hakan ya fi sauƙin tunawa fiye da ƙirga kwanaki.

Ki lura da wasu ƙananan abubuwa wajen ba da shi. Sau da yawa kwalin mebendazole na zuwa da ƙwaya 6, takardar ciki kuma ta ambaci shan ƙwaya ɗaya safe da yamma kwana 3. Wannan tsarin na wasu tsutsotsin ne, ba na wannan ba. Akwai kuma ƙwaya mai miligiram 500, ki duba lambar da ke jikin kwalin. Na ruwa ma ƙarfinsa ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, musamman albendazole, don haka ki sa mai kantin magani ya rubuta miki mililita nawa, ki auna da sirinji, ba da cokalin shayi ba. Ba a buƙatar azumi kafin sha, ba a buƙatar maganin wankin ciki bayansa. Wasu yara kan ɗan yi ciwon ciki, tashin zuciya ko sakin ciki, ya wuce da kansa. Mebendazole yunwa yake kashe tsutsar da ita, yana hana ta tsotsar sukarin da take rayuwa da shi, saboda haka ƙaiƙayi na iya ci gaba wasu kwanaki bayan an sha. Kada ki ce bai yi ba ki ƙara wani. Sannan idan akwai wanda ke shan metronidazole a gidan, wato Flagyl da ake yawan bayarwa na gudawa, kada ya haɗa shi da mebendazole, an taɓa samun mummunan ciwon fata daga haɗa su. Mai shan maganin farfaɗiya shi ma ya faɗa wa likita tukuna.

Ƙanenta ɗan wata 14, shi kada ki ba shi da kanki, ki kai shi likita ya auna shi ya rubuta. Ba wai ba a ba irinsa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda a ba yara maganin tsutsa daga wata 12, kuma tsakanin wata 12 da 23 rabin albendazole ake ba su, miligiram 200. Sai dai ƙasa da shekara 2 likita ne ya kamata ya yanke hukunci, ƙasa da shekara ɗaya kuma an fi kauce wa maganin, domin an samu rahoton jijjiga a jarirai da aka bai wa mebendazole. Idan ƙwaya aka rubuta masa, a daka ta a dama da ɗan ruwa, kada a ba ƙaramin yaro ƙwaya sukutum, kada kuma a danne shi yana kuka a ɗura masa, shaƙewa ta fi tsutsar haɗari. Famfas ɗinsa na taimakonsa ta wani ɓangare, tunda hannunsa ba ya kai wa wurin, amma ke mai canza masa ki wanke hannu da sabulu kowane karo.

Ke kuma, Hajiya, da ciki wata 2, ba za ki sha ko ɗaya ba yanzu. A watanni ukun farko ana guje musu, albendazole musamman. Idan ma kina da tsutsar, ba ta taɓa abin da ke cikinki. Tsutsar ba ta wuce mako 6 zuwa wata 2 a raye, kuma ba ta hayayyafa a cikin hanji sai an sake haɗiye ƙwai. Wato idan kika tsare wankin safe da wankin hannu mako 6 cur, waɗanda ke ciki za su mutu da kansu ba tare da magada ba. Idan ciki ya wuce wata 3 kuma ƙaiƙayi na damunki, ki yi magana da likitar da ke miki awo. Ba wa yara maganin da hannunki ba ya cutar da ke.

Batun tsafta, a nan nake ganin mata na wahalar da kansu a inda ba shi ne muhimmi ba. Uwa ta kwana tana goge bango da ruwan kashe ƙwayoyin cuta, alhali ƙwan nan ba ya jin irin waɗannan ruwan sosai, wankewa da cirewa yake ji. Ke da ke da ƙaramin ciki ba na son ki karya kanki. Abin da ya fi komai shi ne wankin safe: kowace safiya, da yaro ya buɗe ido, a wanke masa dubura da ruwa da sabulu, a canza kamfai. Ƙwan daren jiya ke nan aka zubar gaba ɗaya kafin ya bazu. A nan tiyon tsarkin da na ce yana ɓata gwaji shi ne babban makaminki. A yi wanka a tsaye, kada a tara yara biyu a baho ɗaya, kowa da tawul ɗinsa. Na biye da shi farce: a yanke shi ƙasa sosai, a goge ƙarƙashinsa da ɗan burushi da safe, a yi ta hana cin farce da tsotsar yatsa da lallashi. Ta kwana da kamfai mai ɗan kama jiki da dogon wando a kai, yadda hannu ba zai kai fata ba cikin barci.

Wankin hannu kuma da sabulu da ruwa mai gudu, bayan bayi da kafin cin abinci. Tun zamanin korona mutane suka saba da man goge hannu mai sinadarin barasa, to shi ba a dogara da shi a kan ƙwan tsutsa. Cin abinci a faranti ɗaya ba sai kun daina ba, amma kwanon wanke hannu da ake zagayawa da shi kowa ya tsoma, wannan a ajiye shi, na ƙarshe a ruwan na farko yake wankewa. A je famfo, ko a zuba wa kowa da buta.

Ranar shan magani a cire zannuwan gado, rigunan filo, kayan barci da tawul, a naɗe su a hankali ba tare da kaɗewa ba, a wanke da ruwan zafi, idan injin wankinki na da digiri 60 ki sa shi a nan. A shanya a saman bene. Ƙwan nan ya fi daɗewa a wuri mai sanyi da inuwa, zafi da bushewa da hasken rana ba sa masa daɗi, mu kuwa a Makka wata da watanni taga na rufe, labule a sake, na'urar sanyaya ɗaki na aiki dare da rana. Ranar da muke gudu ita ce ke mana aikin kyauta, a fitar da katifu da barguna su sha ta, a ɗaga labule da hantsi. Kafet a bi shi da injin zuƙe ƙura maimakon tsintsiya, tebur da kayan wasa a goge da jiƙaƙƙen tsumma. A ci gaba da wankin safe da canza kamfai har a wuce sha na biyu da mako guda. Kyanwa kuwa, ko ta gida ko ta layi, ba ruwanta. A jikin ɗan Adam kaɗai wannan tsutsa ke rayuwa.

Kin ce wani lokaci har gabanta take sosawa. Wannan sananne ne ga 'yan mata. Tsutsar kan ɓata hanya ta shiga gaba, ta jawo ƙaiƙayi, ja, ɗan ruwa, zafin fitsari, wata ma da ta daina fitsarin kwance ta koma yi. Kada a tsawata mata, kada a doke ta a ce rashin kunya take, abu ne ke cizonta ba ta san yadda za ta faɗa ba. Maganin da aka sha shi ne maganin wannan ma, kada ki shafa mata man sanyi na manyan mata. Amma idan kin ga jini, ko ruwa mai wari, ko rauni, ko zazzaɓi tare da zafin fitsari, ko abin bai lafa ba bayan mako guda da shan magani, ki kai ta a duba ta a kuma gwada fitsarinta.

Idan ta farka da dare tana kuka, ki wanke wurin da ruwa mai ɗumi, in kin ga tsutsar ki ɗauke ta da tishu ki jefa a masai, ki tsane wurin ki shafa ɗan basilin. Sau da yawa cikin 'yan mintuna take komawa barci. Kada a cusa mata tafarnuwa ko wani abu mai zafi a dubura, fatar yaro na ƙonewa, tsutsar kuma tana can sama a hanji inda abin ba ya kaiwa. Zama a ruwan bagaruwa ma haka, iyakarsa fata. Tafarnuwa a miya ko habbatus sauda a zuma, ba na hana kowa, amma ba sa maye gurbin ƙwayar maganin.

Rauda kuwa ta ci gaba da zuwa, ba a hana yaro makaranta saboda wannan. Abin da na fi so ki duba shi ne 'ya'yan 'yan'uwa da ke zuwa kwana ranar Alhamis da Juma'a, da baƙin da ke sauka gidajenmu da yaransu lokacin azumi da aikin Hajji. Idan akwai gidan da yaranku ke yawan kwana tare, ki faɗa wa uwarsu a asirce su sha rana ɗaya da ku. Na san da nauyi a baki, amma ya fi a yi ta miƙa wa juna.

Wajen ganin likita, cibiyar lafiya ta unguwa ta isa, ba sai babban asibiti ba. Wanda ke da rajista yana iya kama layi ta Sehhaty, manhajar waya ta Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya, akwai kuma lambar ma'aikatar, 937, da ake samun shawarar likita dare da rana. Wanda ba shi da inshora, ganin likita ɗaya a mustausaf ya wadatar, maganin kansa ba mai tsada ba ne. Ciwon ciki mai tsanani, musamman a ƙasan dama tare da amai ko zazzaɓi, jini a kashi, rama, ko fatar da aka sosa ta fara ruwa da mugunya, waɗannan ba a jira da su, kuma ba a ɗora su a kan tsutsar dubura sai likita ya duba.

Idan kun yi duk wannan, kowa ya sha sau biyu, sannan bayan wata ɗaya ko biyu ƙaiƙayi ya dawo, kusan kullum sabon kamu ne daga makaranta ko daga wani da bai sha ba, ba wai maganin ya daina aiki ba. Kada ki mayar da shi abin sha duk wata da kanki. Ki sake gwajin salatif na safiya uku kafin a sha komai, domin wani lokaci tsutsar ta tafi, fatar da ta sha susa ce ke ci gaba da ƙaiƙayi, ita kuma man shafawa take buƙata. Idan an tabbatar ta dawo, likita na iya canza maganin ko ya tsawaita shi, a riƙa maimaitawa duk mako 2 na wasu watanni ƙarƙashin kulawarsa. Ranar da za ki koma, ki tafi da kwalin maganin da kuka sha, da ranakun da aka sha, da sunayen waɗanda suka sha da waɗanda suka zille.